CD25 a Cikin Jini: Me Ake Aunawa, Kuma Yaushe Lambar Take da Ma'ana?

A watan Oktoban 2025 kyautar Nobel ta fannin likitanci ta tafi ga mutum uku, Mary Brunkow da Fred Ramsdell daga Amurka da Shimon Sakaguchi daga Japan, saboda aikinsu a kan yadda garkuwar jiki ke kame kanta daga afka wa jikin da take tsaro. A tsakiyar wannan aiki akwai wani furotin mai suna CD25, wanda Sakaguchi ya yi amfani da shi a 1995 ya ware wani rukuni na ƙwayoyin T, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, masu taka wa sauran birki. Duk wanda ya bi sawun sunan cikin rahotannin bincike zai ci karo da abin da ke rikita har ɗaliban kimiyya. Wani rahoto zai ba da CD25 da kaso cikin ɗari, wani da fikogiram (kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram) a kowace mililita, wani da wani ma'auni da ake rubutawa U/mL, kuma kowanne yana cewa CD25 ya auna. Daɗin daɗawa, yawancin kwalayen gwajin da ake wannan aiki da su suna ɗauke da rubutu cewa na bincike ne kawai, ba na gano cuta ba, alhali wasu asibitoci na amfani da lambar furotin ɗin wajen yanke shawara a kan majinyaci mai rai kwakwai mutu kwakwai.

## Makarɓin da ke jikin ƙwaya, da wanda ya tsinke

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo da ƙananan furotin. Ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni shi ne IL-2, wanda aka gano a 1976 a matsayin abin da ke sa ƙwayoyin T su hayayyafa. Saƙo ba ya aiki sai da makarɓi, wato furotin da ke kafe a fatar ƙwaya, kansa a waje yana jiran saƙon. Makarɓin IL-2 sassa uku gare shi: alfa, wanda shi ne CD25, sai bita mai lamba CD122, sai gama mai lamba CD132. Lambobin CD sun samo asali ne daga wani taro da aka yi a Faris a 1982 domin daidaita sunayen furotin da ke bisa fararen ƙwayoyin jini. CD25 shi kaɗai riƙonsa ga IL-2 ba ya da ƙarfi, kuma ba ya isar da saƙo cikin ƙwaya. Idan sassan ukun suka haɗu, ƙarfin riƙon yana ninkawa kusan sau dubu.

Ƙwayar T da ke hutawa ba ta ɗauke da CD25 mai yawa. Da zarar ta haɗu da abin da zai tayar da ita, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai furotin ɗin ya cika fatarta. Ƙwayoyin T masu birki kuwa a kullum suna ɗauke da shi. Ke nan furotin guda yana zaune a kan ƙwayoyi iri biyu masu aiki kishiyar juna, masu kai hari da masu hana hari.

A 1985 aka nuna cewa ƙwayoyin da aka tayar suna zubar da ɓangaren CD25 na waje. Wasu enzayim masu yankan furotin ne ke datse shi kusa da fatar ƙwaya, gutsuren ya faɗa cikin jini yana yawo. Cikakken furotin nauyinsa kusan kilodalton 55 ne, gutsuren kuwa kusan 45. Shi ake rubutawa sCD25 ko sIL-2R. Abin kamar ganyen da ya zube ƙarƙashin bishiya ne: yawansa na da alaƙa da abin da ke sama, amma kuma ya danganta da ƙarfin iska da kuma yawan shara. Mai sharar a nan ita ce ƙoda, shi ya sa mai ciwon ƙoda kan nuna sCD25 sama ko da garkuwarsa ba ta tashi ba. Yara ƙanana ma lambarsu ta fi ta manya ko suna lafiya ƙalau.

Masana ba su haɗu a kan aikin gutsuren ba. Wasu na ganin yana tare IL-2 a hanya ya hana shi isa ga ƙwayoyi, wasu gwaje-gwajen kuma sun nuna yana iya riƙe saƙon ya tsawaita aikinsa, wasu kuwa suna ɗaukarsa alama ce kawai ta cewa ƙwayoyin T sun tashi. Ra'ayi na ukun ne ya fi samun gindin zama a aikace, domin raunin riƙon gutsuren ya sa da wuya ya yi takara da cikakken makarɓi.

## Hanyoyi uku, tambayoyi uku

Kaso cikin ɗari yana fitowa ne daga fulo saitometiri, na'urar da ke jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken laza. Ana ɗaukar kamar mikrolita 100 na jinin da bai daskare ba, a zuba antibodi, wato furotin na garkuwa da ke manne wa takamaiman abu, masu ɗauke da launi mai ƙyalli, a fasa jajayen ƙwayoyi, na'ura ta ƙirga ƙwayoyin da suka haska. Amsar da take bayarwa ita ce: cikin ƙwayoyin T masu CD4, rukunin da masu birki ke cikinsa, kashi nawa ke ɗauke da CD25 a fatarsu. Matsalarta, hasken CD25 ba ya rabuwa gida biyu tsaf. Yana hawa ne a hankali daga duhu zuwa haske, mai aiki ne ke ja layin da zai ce daga nan sama akwai. Mutum biyu na iya ja layin a wurare daban su fito da kaso daban daga samfuri guda, sai dai in an haɗa bututun kwatance da aka zuba masa duk launukan ban da na CD25. Kuma tunda ƙwayoyin da aka tayar ma suna da furotin ɗin, CD25 kaɗai ba ya isa a kira ƙwaya mai birki a jinin ɗan Adam. Sai an ga wani furotin mai suna FOXP3 a cikinta, an kuma ga wani mai lamba CD127 ya yi ƙasa a fatarta.

Hanya ta biyu ita ce auna saƙon gado, wato mRNA na IL2RA, ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera CD25, da gwajin PCR. Wannan yana nuna ko ƙwaya ta buɗe umarnin ƙera furotin ɗin. Ba ya nuna nawa aka ƙera, nawa ya kai fata, nawa ya tsinke.

Hanya ta uku, ELISA da danginta, ita ce ke ba da fikogiram ko U a mililita, kuma a cikin ruwan jini gutsuren kawai take gani. Rahoton da ya ce CD25 ya ƙaru ba tare da ya faɗi wanne daga cikin ukun nan aka auna ba bai gama magana ba, domin suna iya saɓawa: kason ƙwayoyi masu CD25 a jini ya tsaya cik yayin da gutsuren ya yi tashin gwauron zabi, saboda ƙwayoyin da ke zubar da shi suna can cikin saifa ko kaluluwa, ba a jijiya ba.

## Yadda ELISA ke mayar da furotin lamba

Eva Engvall da Peter Perlmann ne suka bayyana ELISA a Stockholm a 1971, a daidai lokacin da Anton Schuurs da Bauke van Weemen suka fito da makamanciyar dabara a Holan. Kafin su, ana irin wannan awo ne da sinadarai masu tururin nukiliya, dabarar Rosalyn Yalow da Solomon Berson. Abin da ya ƙara wa ELISA kaifi shi ne hanyar ƙera antibodi iri ɗaya tak da Georges Köhler da César Milstein suka samar a Kambirij a 1975.

Nau'in da ake auna makarɓai da shi yana kama furotin ta wurare biyu. Faranti ne na roba mai ramuka 96, layi 8 sau 12, an shafe ƙasan kowane rami da antibodi na kamu, sauran filin kuma an toshe shi da wani furotin, galibi albumin na shanu kashi 1 cikin ɗari, don kada wani abu ya manne a banza. Ana zuba samfuri, yawanci mikrolita 100 a rami, a rufe farantin a bar shi awa ɗaya zuwa biyu. Daga nan sai wanki da ruwan gishirin fosfet mai ɗan sabulun Tween 20 kashi 0.05 cikin ɗari, kamar mikrolita 300 a rami, sau uku zuwa biyar, a kifa farantin a kan takarda mai tsotsa a buga shi har ɗigon ƙarshe ya fita. Sai antibodi na biyu mai ɗauke da bayotin, wanda ke kama furotin ta wani gefe daban. A sake wanki, a zuba sitireftabidin, furotin da ke manne wa bayotin, wanda aka ɗaura wa enzayim HRP, a sake wanki, sannan a zuba TMB. TMB ruwa ne garau, enzayim ɗin ke mayar da shi shuɗi. Bayan minti 15 zuwa 30 a cikin duhu sai a tsayar da aikin da asid, shuɗin ya koma rawaya nan take, a karanta da na'ura a nanomita 450 cikin rabin awa, a cire karatun nanomita 540 ko 570 don gyara tabon roba.

Na'urar ba ta ga furotin ba, launi ta gani. Abin da ke mayar da launi lamba shi ne furotin ma'auni da ya zo cikin kwalin a bushe. Ana narkar da shi, a yi ta raba ƙarfinsa biyu daga bututu zuwa bututu. Idan na sama 2,000 ne, za a samu 1,000, da 500, da 250, da 125, da 62.5, da 31.25, sai ramin da babu komai. Kuskure a bututun farko yana bin sauran duka, saboda haka ake canza bakin fifet a kowane mataki, a cakuɗa sosai kafin a ɗiba. Dangantakar launi da yawan furotin ba miƙaƙƙen layi ba ne, lanƙwasa ce mai kwanciya a sama da ƙasa, shi ya sa ake lissafa ta da wani tsarin lissafi mai bin lanƙwasar da ake kira 4PL. Wanda ya tilasta mata miƙaƙƙen layi zai yi kuskure a gefe biyu.

Lissafin ramuka yakan ba sabon shiga mamaki. Ma'auni takwas, kowanne rami biyu, sun cinye 16. Saura 80, wato samfuri 40 in kowanne zai samu rami biyu. A cire samfuran sa ido guda biyu ko uku da ya kamata su bayyana a kowane faranti, abin da ya rage 37 ko 38 ne. Binciken mutum 150 ke nan yana buƙatar faranti huɗu ko biyar kafin a yi maganar maimaici. Idan aka jera duk marasa lafiya a faranti ɗaya, masu lafiya a wani, bambancin faranti zai shiga rigar bambancin cuta, don haka ake gauraya su.

Ramuka biyun samfuri guda su ne shaidar farko ta hannun mai aiki. A ma'aunin CV, wanda ke auna warwatsuwar karatu daga matsakaicinsu, karatun 0.80 da 0.84 sun ba da kusan kashi 3 cikin ɗari, abin karɓa ne. Karatun 0.60 da 0.90 sun kai kashi 28, wannan samfurin sai an sake shi. Abin da aka saba bi shi ne ƙasa da kashi 10 a cikin faranti guda, ƙasa da 15 tsakanin faranti da faranti. Samfurin da launinsa ya wuce na ma'aunin sama ba a ƙiyasta masa lamba, surka shi ake yi a sake. Kuma a tuna da ninkawa: mikrolita 50 na samfuri cikin 200 na ruwan surki kashi ɗaya cikin biyar ne, saboda haka karatun 640 yana nufin 3,200.

## Kafin samfuri ya kai faranti

Kaso mai yawa na ɓarnar yana faruwa tun kafin a buɗe kwali. Siram shi ne ruwan da ke tasowa bayan jini ya daskare: a bar bututu kamar minti 30, a juya shi a sentirifuj a ƙarfin 1,000 g, wato ninkin ƙarfin jan ƙasa sau 1,000, na minti 15, a kwashe ruwan sama ba tare da an taɓa ƙwayoyin ƙasa ba. Filasma kuwa daga jinin da aka hana daskarewa da EDTA ko hefarin ko sitiret ake samunta, kuma ya kamata a juya ta cikin rabin awa. Waɗannan ba ruwa ɗaya ba ne, ba a kuma haɗa su a bincike guda. Sitiret ruwa ne da ke surka jinin da kusan kashi ɗaya cikin goma tun a bututu. Jinin da aka bari a kan tebur sa'o'i da ƙwayoyinsa a ciki, ƙwayoyin na nan da rai, suna iya ci gaba da zubar da furotin ko su fashe, har lambar ta daina wakiltar abin da ke jijiyar mutumin lokacin da aka ɗiba.

Ana raba ruwan cikin ƙananan bututu tun farko, a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili na ɗan lokaci, ko 80 ƙasa da sifili in za a daɗe. Dalilin rabawar shi ne kowane narkewa da sake daskarewa na iya lalata siffar furotin, kuma antibodi siffa yake ganewa. Firiza mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba, domin ɗumama take yi lokaci zuwa lokaci. Samfurin da ya yi ja saboda fashewar jajayen ƙwayoyi, ko ya yi fari saboda kitse, a rubuta shi a ware.

Sauran samfura kowanne da sharaɗinsa. Tsokar da aka niƙa tana buƙatar maganin hana enzayim cin furotin, a yi aikin a kan ƙanƙara, a kuma raba sakamakon da jimillar furotin da ke cikinta. In an sa sabulun fasa ƙwaya, makarɓin da ke kafe a fata ma zai fito, sai lambar ta zama haɗin cikakke da gutsure. Fitsari ana daidaita shi da kiriyatinin, tunda kaurinsa ya danganta da ruwan da mutum ya sha. Kwalin da aka tantance da siram kawai bai zama tantacce ga ruwan laka ko na huhu ba.

## Inda gwajin ke yaudara

Wasu kurakuran a fili suke. Faranti ya yi shuɗi gaba ɗaya har da ramin da babu komai: wanki bai isa ba, ko TMB ya sha haske, ko an zuba shi a kwanon da enzayim ya taɓa. Launi bai fito ba sam: a duba ko akwai sodiyam azayid a wani ruwan, domin yana kashe HRP. Ramukan gefe sun fi na tsakiya launi: an yi aiki da kayan da ba su huce daga sanyin firij ba, ko farantin bai rufu ba. Ana barin kayan kamar rabin awa su kai digiri 20 zuwa 25. A ɗaki mai zafi enzayim yana sauri, ma'aunan sama su cika su daina bambanta kafin lokacin da takardar kwalin ta faɗa.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu ba da lamba mai kyan gani. Jinin wasu mutane yana ɗauke da antibodi masu kama antibodin dabba, kuma yawancin na cikin kwali daga ɓera aka samo su. Irin waɗannan, da kuma rumatoyid fakto da ake samu a masu wasu cututtukan gaɓoɓi, suna iya haɗa antibodin kamu da na biyu kai tsaye, launi ya fito babu furotin a tsakani. Abin lura, masu cututtukan garkuwa, waɗanda su ne aka fi yin binciken a kansu, su ne suka fi samun wannan. Akwai kuma akasin haka. Majinyacin da aka ba basiliximab bayan dashen ƙoda yana da magani a jini da ke manne wa CD25, kuma idan antibodin gwajin wuri ɗaya yake nema da maganin, zai tarar an riga shi. A gwaje-gwajen da ake zuba samfuri da antibodi na biyu lokaci guda, furotin da ya yi yawa fiye da kima yana cika antibodin biyu daban-daban ya hana su haɗuwa, sai samfuri mafi yawa ya fito da ƙaramar lamba.

Gwaji biyu masu sauƙi ke tona yawancin waɗannan. Na farko, a ƙara sanannen adadi a cikin samfuri a ga nawa zai dawo. Samfuri mai 400 da aka ƙara wa 500 ya kamata ya ba da kusan 900. In ya ba da 620, kashi 44 ne kawai na ƙarin ya dawo, alhali abin karɓa kashi 80 zuwa 120 ne. Na biyu, a surka samfuri mataki-mataki. Idan surki biyu ya ba da 1,800, surki huɗu 2,600, surki takwas 2,700 bayan ninkawa, to a surki biyu akwai abin da ke danne gwajin, kuma daga huɗu ya kamata a fara.

Ko waɗannan ba su amsa babbar tambaya ba: furotin da aka rubuta a kwali shi ne antibodin ke kamawa? Wata tawaga a Toronto ƙarƙashin Eleftherios Diamandis ta shafe kusan shekara biyu tana bin wani furotin mai suna CUZD1 a matsayin alamar kansar fankiriyas, kafin ta gano kwalin da ta saya CA125 yake aunawa, sanannen furotin da ba shi ake nema ba. Sun wallafa abin da ya faru a 2014. Ma'aunin kwalin yana aiki, ramuka biyu suna daidaita, lambobin suna raba marasa lafiya da masu lafiya. Abin da ke kama irin wannan shi ne samfurin da aka san babu furotin a cikinsa, kamar ƙwayoyin da aka kashe musu umarnin ƙera shi, da gwada furotin tsantsa daga wani kamfani daban, da tabbatarwa ta wata hanya kamar na'urar auna nauyin gutsattsarin furotin.

## U ko fikogiram

U ba nauyi ba ne. Masu gwajin farko sun ɗauki wani ruwa na ƙwayoyin da aka tayar suka sa masa adadi, sauran samfura aka riƙa kwatanta su da shi. Kwalayen bincike na yau galibi suna amfani da furotin da aka ƙera a ɗakin gwaji suna ba da fikogiram. Furotin da aka ƙera a bakteriya ba ya ɗauke da sukarin da ke jikin na ɗan Adam, kuma antibodin kamfani ɗaya ba wuri ɗaya yake kamawa da na wani ba. Saboda haka babu adadin ninkawa guda da zai juya fikogiram zuwa U a kowane kwali, kuma kwali biyu na iya jera mutane daidai daga ƙasa zuwa sama amma lambobinsu su yi nisa da juna.

Wannan ya fi tsanani a cutar HLH, inda garkuwar jiki ke tashi ta ƙi kwanciya har ta fara cinye ƙwayoyin jini. Ƙa'idar HLH-2004 ta jera alamomi takwas, ana neman biyar, ciki har da zazzaɓi, da kumburin saifa, da feritin, furotin da ke ajiye sinadarin ƙarfe a jiki, 500 ko sama, da sCD25 na U 2,400 ko sama a mililita. Wanda ya ɗauki fikogiram 2,400 daga kwalin bincike ya ɗora a kan wannan iyaka ya haɗa ma'auni biyu da ba su san juna ba. Iyakar ma daga yara aka samo ta, kuma a manya limfoma (kansar fararen ƙwayoyin jini), da sakoyidosis (cutar kumburi da ta fi kama huhu), da cututtuka masu tsanani na ƙwayoyin cuta duk suna ɗaga lambar.

## Rubutun "don bincike kawai"

Rubutun ba hukunci ba ne a kan ingancin kwali. Ma'anarsa, kamfanin bai gabatar wa hukuma hujjar cewa gwajin yana gano wata cuta ba, ba a kuma ɗora masa sharuɗɗan kayan asibiti ba. Hukumar FDA ta Amurka ta fitar da jagora a 2013 da ke cewa rubutun kaɗai ba ya kare kamfanin da ke tallata kayansa ga masu duba marasa lafiya. A Tarayyar Turai, dokar 2017/746 da ta fara aiki a ranar 26 ga Mayun 2022 ta ɗora wa ɗakin gwajin asibitin da ya haɗa gwajinsa da kansa nauyin tantancewa da rubuta hujja. A Amurka FDA ta fitar da ƙa'ida a 2024 don shigar da irin waɗannan gwaje-gwaje na cikin gida ƙarƙashin ikonta, wata kotun tarayya a Texas ta soke ta a watan Maris na 2025.

Masu son a tsaurara suna cewa lambar da za a ba da magani mai ƙarfi a kanta ta cancanci wani na waje ya duba ta, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke tantancewa da gaske ba. Ɗakunan gwaji na asibitocin koyarwa suna amsawa da cewa cututtukan da ba su da yawa ba su da kasuwar da za ta sa kamfani ya kashe kuɗin neman izini, in an hana gwajin cikin gida majinyaci zai rasa gwaji gaba ɗaya. Masu bincike kuma suna buƙatar kaya masu sauƙin kuɗi ga dubban furotin da ba a ma san amfaninsu ba tukuna. Abin da ɓangarorin ba su saɓa a kai ba shi ne, duk inda hukuma ba ta duba ba, nauyin dubawa ya koma kan wanda ya buɗe kwalin.

## Abin da ya shafi wanda ba ya ɗakin gwaji

Wanda ya ba da jininsa a bincike galibi ba a mayar masa da lambarsa, kuma akwai dalili. Samfurin na iya kwana watanni a firiza kafin a haɗa shi da sauran, gwajin an tsara shi ne don kwatanta rukuni da rukuni, ba a kuma fitar da iyakar lafiya ga mutum guda ba. Takardar amincewa da ya sa wa hannu ya kamata ta faɗi wannan, ta kuma faɗi me za a yi in an ga abin da ke buƙatar likita.

Majinyacin da aka ba sakamakon sCD25 yana da tambayoyi uku da suka halatta: da wane ma'auni aka rubuta, wace iyaka ɗakin gwajin ya kafa ga masu shekarunsa, kuma an yi la'akari da aikin ƙodarsa da magungunan da yake sha. In ana bin lambar ne don ganin ko magani na aiki, a ci gaba da yi a wuri ɗaya da hanya ɗaya, domin sauya ɗakin gwaji na iya nuna hawa ko sauka da babu su a jiki.

Mai karanta labarin cewa an gano sabuwar alamar cuta a jini zai iya duba abubuwan da rahoto mai kyau ke bayyanawa: sunan kwali da lambar rukunin da aka ƙera shi, siram ne ko filasma, sau nawa aka narkar da samfuran, samfura nawa suka faɗi ƙasa da abin da gwajin ke iya gani da yadda aka lissafa su, da ko an tabbatar da sakamakon a wani rukunin mutane da wata hanya ta biyu. Matsakaicin lambar marasa lafiya na iya fin na masu lafiya nesa ba kusa ba, amma idan lambobin mutum ɗaiɗai sun cakuɗe a tsakiya, gwajin ba zai iya gaya wa likita a wane rukuni mutumin da ke gabansa yake ba.